Butar da Ta San Iyakarta

Ranar da likita ya ce gwiwar Baba
ta daina shiri da ruwan sanyi,
na rufe shagon ɗinki tun kafin la'asar,
na hau acaɓa daga Ƙofar Marusa
zuwa babbar kasuwa,
kuɗin ɗinkin riga uku a aljihun gaba.

Lurwanu mai kayan wuta ya jero min su:
ta roba, fara sol, mai araha,
ta gilashi mai shuɗiyar fitila a ciki
sai ka ce gidan biki,
da wata ta ƙarfe, ba ado, ba fara'a.
Na buɗe ta robar na shinshina.
Na ce, wannan shayinta silifas zai ɗanɗana.
Ya ce, "Dubi waya, bar kallon fuska.
Siririyar waya ita ke cin soket.
Kuma ka nemi mai kashe kanta."
Na ce, a'uzu billahi.
Ya ce, "Ba irin wannan ba, tela.
Wadda in ruwa ya tafasa
ba ta jiran a ce mata ya isa."

Na ɗauki ta ƙarfen.
Muka yi ciniki har ya rantse sau biyu,
ya fasa ruwan leda uku a ciki, ya jona,
muka tsaya kamar masu jiran haihuwa
har ta ce ƙas.

A gida Baba ya dube ta sama da ƙasa.
"Ta ina ake sa itacen?"
Shekara arba'in da ɗaya
Inna Kulu na hura masa wutar asuba,
ruwan alwalarsa na zuwa da ƙanshin hayaƙi,
da tarinta, da ƙarar murfin tukunya.
Bara ta tafi.
Murhun na nan, kaza ta mai da shi wurin ƙwai.
Ya ce, "Ruwan nan ba shi da labari."
Amma ya yi alwala da shi.

Na koyi halinta a hankali.
Ba a jona ta da yunwa, sai da ruwa a ciki.
In an cika ta ta wuce layi, amai take yi.
Ba ta gaisawa da jiƙaƙƙen hannu.
Ita da dutsen guga ba sa zaman soket ɗaya,
wannan kam mun biya kuɗin karatunsa,
ga tabon nan baƙi a bango.
Ɗana Mani ya dafa taliya a cikinta,
kwana uku shayinmu na da yaji.
Ruwan burtsatsen unguwa ya yi mata furfura a gindi,
lemun tsami biyu, tafasa ɗaya, ta koma yarinya.
Mita kuwa, da ta fara huci,
lambobi ke zuba kamar gero a hudajjen buhu.

Wutar layinmu ba ta da alƙawari.
Takan zo biyun dare, a ɓoye.
Sai na bar ƙwan ɗakina a kunne
ya mare ni a ido in tashi,
in cika, in danna, in juye a fulas.

Daren jiya na fito, Baba ya riga ni.
Yana kan 'yar kujerar Inna,
bai kunna fitila ba,
sai jan idon butar kaɗai,
tafinsa a gefen tururi.
Ta yi ta gunaguni, ta yi ta gunaguni,
ta ɗaga murya har murfi na rawa,
sai ƙas.

Bai juyo ba ya ce,
"Uwarka ma haka take.
In ta gama faɗanta, da kanta take yin shiru."

Muka zauna, tururi na hawa.
Can ya ce, "Miƙo ɗaya butar a surka.
An kusa kiran assalatu."